Jirin da Aka Ɗora wa Inna

Duk ranar Alhamis mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan tashi daga Tsafe ta je Bungudu duba yayarta. Yayar tata ta makance tun ina 'yar firamare, kuma duk da gidan cike yake da 'ya'ya da surukai, tsohuwar ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ƙanwarta. Inna ce mai tsefe mata kitso, ta wanke kan, ta sake kitsawa, ta yanke mata farce, sannan su zauna su cinye dambun zogalen da ta kawo a kula suna gulmar mutanen da rabinsu sun daɗe a kabari. Tafiyar hawa uku ce: mashin ɗin kabu-kabu daga ƙofar gida zuwa tasha, bas zuwa Gusau, wata bas ɗin zuwa Bungudu. A dawowa takan tsaya gidana a Gusau ta yi sallar la'asar, ta leƙa kicin ta ce har yanzu ban iya wanke gindin tukunya ba, ta wuce. Ko a shekarun da hanya ta yi tsanani mutane suka rage fita, Inna ba ta fasa ba, sai dai ta jira rana ta ɗaga. Ta haura sittin a lokacin, amma idan muka jera a kasuwa ni ce mai roƙon a rage sauri.

Ni malamar fiziks ce a wata makarantar 'yan mata a Gusau. Na faɗi wannan ne saboda abin da ya sami Inna darasi ne da nake koyarwa a zangon farko na kowace shekara, na haddace shi kamar sunana, kuma duk da haka na kasa tsinana mata komai da shi. Har yau idan na zo shafin nan a littafi sai raina ya ɓaci.

Wata Alhamis ina cikin aji aka kira ni a waya aka ce Inna ta faɗi daga kan mashin a ƙofar gida, ta karye a wuyan hannun hagu. Kafin na isa Tsafe an riga an ɗora hannun. Na same ta zaune a kan tabarma tana mita, ba don karayar ba, don dambun da ya watse a ƙasa kaji suka yi biki.

Mai mashin ɗin maƙwabcinmu ne, magidanci mai iyali, furfura har ta fara fito masa a gemu. Shi ke kai ta tasha tun da ya sayi mashin. Na tarar da shi tsugune a zaure ya yi zuru-zuru, yana ta cewa shi bai san yadda aka yi ba. Na yarda bai sani ba. Amma da na zauna na tambayi Inna dalla-dalla, ni na san yadda aka yi.

Duk wanda ya girma a wajenmu ya san yadda dattijuwa ke hawan kabu-kabu. Ba ta matsawa kusa da mai tuƙi. Can ƙarshen kujera take zama, daf da ƙarfen ɗora kaya, ta bar fili tsakaninta da shi, kuma ko za a mutu ba za ta dafa kafaɗarsa ba. Ranar nan hannayen Inna biyu suna riƙe da kula a kan cinya. Shi kuma mai mashin, don kunya da girmamawa, ba ya waiwayowa ya kalli matar da ta hau. Da nauyi yake aunawa: in ya ji mashin ya nutsa, to an zauna. Ya ji ya nutsa, ya murɗa totur, ya saki kuloci gaba ɗaya kamar yadda yake yi in ya ɗauko samarin tasha. Inna kuwa ƙafarta ɗaya ba ta ma gama neman matakin ba. Mashin ya fice daga ƙarƙashinta ya bar ta a inda take, ta zo ƙasa ta baya, ta tokare da hannu.

Akwai majalisar dattawa a dakalin da ke kallon gidanmu, kuma a kan idonsu abin ya faru. Dukansu suka ba da shaida iri ɗaya, shaidar gaskiya kuwa: mashin ko gudu bai fara ba. Daga nan aka gina hukunci. Tunda babu gudu, babu laifin mai tuƙi. Tunda babu laifinsa, to daga jikinta ne. Kafin magariba zancen ya zaga unguwa cewa jiri ya kwashi Inna.

Ranar Asabar aka zauna a zaure. Akwai Kawu, ƙanin mahaifinmu marigayi, wanda shi ne babba a gidan yanzu, da yayana, babban ɗan Inna, ma'aikacin gwamnati a Gusau mai mota da babbar riga. Ni aka bar ni na zauna daga bakin ƙofa. Ita Innar da ake maganarta tana cikin gida, ba wanda ya ce a kira ta. Yayana ya ce shekaru sun ja, daga yau Inna ta daina hawa mashin, ta daina shiga bas ita kaɗai. In Bungudu ce, shi zai riƙa kai ta a motarsa.

Na ce an auna jininta jiya a gabana, lafiya lau yake. Na ce ita da bakinta ta ce ba ta ji jiri ba.

Kawu ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda karatu ya yi wa yawa. Ya ce, “Malama, mu munka gani da idonmu. Taku biyu mashin bai yi ba tah hwaɗi. In ba jiri ba, mi na?”

Na danne zuciyata, don Kawu ba a ɗaga masa murya. Na ce, “Kawu, da kunka tahi aikin hajji, an ba ku shayi cikin jirgi?”

“An ba mu.”

“Ya zube?”

“Ko ɗigo.”

“To ai jirgin nan ya hi kowace mota gudu nesa ba kusa ba, amma kunka sha shayinku lahiya. Sa'ad da zai tashi hwa, yana soma tahiya bisa ƙasa?”

Sai ya yi dariya, ya gyara zama. Kawu yana son labarin jirgin nan. Ya ce, “Ke bari. Sai da bayana yam manne ga kujera kamar an danne ni. Salati nika yi har munka ɗaga.”

Na ce to shi ke nan abin da nake faɗa. Jikin mutum ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji. Abin da yake tsaye so yake ya ci gaba da tsayuwarsa, abin da yake tafiya so yake ya ci gaba da tafiyarsa, sai an tilasta masa. Shi ya sa mai kai nono kasuwa take zaune a bas da ƙwarya cike, mota na sheƙa gudu a miƙaƙƙen titi nono bai motsa ba, amma da direba ya taka birki ko ya fizgi mota daga tasha sai ya ɓata mata zane. A aji ina rubuta wa yara cewa a ɗauki yawan canjin da gudu ya yi, a raba shi da lokacin da aka ɗauka wajen canjin. In lokacin ya yi ƙanƙanta, ko gudun bai taka kara ya karya ba, fizgar babba ce. Mashin ɗin maƙwabcinmu bai wuce gudun mai sassarfa ba, gaskiya ne, amma daga tsaye cak ya kai wannan gudun cikin ƙiftawar ido. Kawu yana da kujera a bayansa da ta tare shi a jirgi. Inna ba ta da komai a bayanta sai iska.

Kawu ya shafa gemu, na ga alamar maganar ta shige shi. Sai yayana ya ce, “To mun ji lacca. Nan dai ba aji ba ne.” Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka tashi.

Ban yi barci da daɗi ba a satin nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙin da hukuncin ya zo wa kowa da shi. In an ce jiri ne, ba sai an tunkari maƙwabci an ce ya yi ganganci ba, zumunci ya tsira. Ba sai an ce yadda ake ɗaukar mata a mashin akwai gyara ba. Mutum ɗaya ce za ta biya, kuma tsohuwa ce, ba ta cikin zauren.

Asabar ta gaba na koma Tsafe da niyyar in nuna musu da ido, tunda ido suka ce sun yarda da shi. Na roƙi yayana ya hau mashin ɗin ya zauna yadda Inna ta zauna, ya riƙe kula da hannu biyu. Ya ce shi ba ɗan ajina ba ne. Sai na sa aka fito da rabin buhun gero daga rumbu, aka tsayar da shi a ƙarshen kujerar mashin, daidai inda Inna take zama, ba a ɗaure ba. Na ce wa maƙwabcinmu ya tashi a hankali, ya saki kuloci kaɗan-kaɗan. Ya yi haka, ya je har bakin masallaci, ya ƙara wuta sannu a hankali har ya fi gudun ranar nan, ya juyo a tsanake, buhu na zaune daram. Sannan na ce, “Yanzu tashi yadda ka saba.”

Ya murɗa, ya saki. Buhun ya kifo ta baya ya faɗi tim, kusan a daidai gurbin da Inna ta faɗi.

Dattawan majalisa na kan dakali suna kallo. Sai wani tsoho mai carbi, wanda tun ina yarinya ban taɓa jin ya yi wasa ba, ya ce, “Ashe geron ga ma jiri garai.” Dakali ya kwashe da dariya har da masu share hawaye. Wani ya ce ai buhu ba shi da hannu. Na ce Inna ma ranar nan ba ta da hannu, kula ta riƙe. Maƙwabcinmu bai yi dariya ba. Ya sauko ya ɗaga buhun da kansa, ya zo gabana ya ce, “Wallahi Malama ni nay yi shi. Ban waiwaya ba.” A duk mazan da ke wurin shi kaɗai ya faɗi abin da ya gani, kuma tun ranar na daina jin haushinsa.

Na juya wajen yayana ina jiran ya janye maganarsa. Ya kaɗa makullin mota a yatsa ya ce, “To ko ma mi na, hutu ya hi mata. Magana ta riga ta wuce.”

Ban san sa'ad da na ce masa hutun wa, nata ko naka ba. Kawu ya ce in shiga gida. Na shiga cike da takaici. An nuna musu a fili, sun gani, sun yi dariya, sun ma yarda, amma janye magana a gaban ƙanwa ya fi musu nauyi a kan a zaunar da mace mai lafiya a ɗaka. Da a ce gardamar ilimi suka yi mini da na ji sauƙi, don gardama ana iya cin ta.

Alƙawarin mota kuwa, bayan an kwance ɗorin, sau biyu aka cika shi. A na biyun ma, Inna ta ce tana tsakiyar kitso yana waje yana danna mata oda, dole ta bar rabin kai a tsefe. Daga nan sai taro, sai tafiya Abuja, sai mota na gareji. Ni ba ni da mota, kuma Alhamis ina aji tun safe. Tsohuwar Bungudu ta yi ta aike a tambaya ko lafiya. Aka ce mata ƙanwarta ba ta jin daɗi ne.

A gida kuma aka shiga lallaɓa Inna kamar ƙwai. In ta miƙe za ta ɗebo ruwa, sai wata ta ce zauna Inna, kar jiri ya ɗebe ki. In ta ce za ta leƙa barkar haihuwa a bayan layi, sai a haɗa ta da mai rakiya. Masu zuwa dubiya kowa da maganin jirinsa, wannan ta ce a jiƙa kaza, waccan ta ce a daina barinta tana tsayuwa a rana. Duk da ƙauna ake yi, ban musa ba. Hannun ya warke sarai cikin 'yan makonni. Amma matar da take tsallake kwata ba ta duba ba, na zo na same ta tana dafa bango kafin ta sauka daga dakalin ɗakinta. Na ce Inna mene ne haka? Ta ce, “To, ɗiyata, mutane da yawa sun hwaɗi. Ƙila dai akwai shi ban lura ba.”

Wannan maganar ta fi ta yayana yi mini ciwo. Na zauna na sake yi mata bayanin tun daga farko, da nono a ƙwarya, da buhun gero, har da jirgin Kawu. Ta saurare ni tana murmushi, irin murmushin da take yi mini ina ƙarama in na zo da labarin makaranta. Ta ce Allah ya yi mini albarka.

Da aka ba mu hutun ƙarshen zango na yanke shawara ba tare da na nemi izinin kowa ba. Ranar Alhamis da safe na sauka Tsafe, na sa aka yi dambu, na zuba a kula, na ce ni zan riƙe. Na kira maƙwabcinmu. Mutumin nan tun ranar buhu ya canja hali: duk macen da ya ɗauka sai ya ce “an zauna?” ya jira amsa kafin ya motsa, har abokan sana'arsa na tsokanarsa da cewa ya koma direban jirgi. Ya kawo mashin daf da dakalin ƙofar gida don hawa ya yi sauƙi, ya kashe shi ma gaba ɗaya, ya ce sai ta zauna ta ce a tafi zai tayar. Na nuna mata ƙarfen da za ta kama ta baya. Dattawan majalisa suna kallo.

Inna ta fito da mayafinta na fita, wanda ya kwana biyu a akwati har ya yi layin ninki. Ta tsaya a gefen mashin. Ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Ta sake ɗagawa, ta mayar. Sai ta kama hannuna ta matse, tafinta ya jiƙe da gumi, ta ce a hankali yadda ba mai ji sai ni, “Ƙasa na juya mini.”

Na duba idonta na ga ba kunya ba ce, ba kuma wasa ba. A karon nan da gaske ne. Mashin a kashe yake, ko motsi bai yi ba, babu wata fizga da zan ɗora wa laifi, babu abin da zan raba da lokaci. Daga dakali na ji wani ya ce, ba da mugunta ba, “Ai dama mun hwaɗi.” Na riƙe Inna na mayar da ita cikin zaure.

Mota na ɗauko shata daga tasha ta zo har ƙofar gida. Muka bi ta Kwatarkwashi, duwatsun nan da Inna ta saba nuna mini tun ina yarinya suna wucewa ta taga, ba ta ɗaga kai ta kalle su ba. Ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu har Gusau, har Bungudu, ko da yake direban mutumin kirki ne, tafiyarsa sumul kamar an shafa mai.

Mun sami tsohuwar a kan tabarmarta a inuwar ɗaki. Kanta ya cukurkuɗe, rabin kitson da aka bari tun zuwan ƙarshe ya dunƙule, don ta hana kowa taɓawa. Da ta ji sallamar Inna sai ta miƙo hannu tana lalube. Da can da ƙarar takun Inna take gane ta tun daga zaure, ta fara yi mata tsiya kafin ta shigo. Ranar nan ba ta ji takunmu ba sai da muka zo gabanta, ni ina riƙe da Inna a hannu ɗaya, kula a ɗayan.

Ta shafa fuskar ƙanwarta, ta shafa hannun da ya karye, ta gangaro har ta taɓa yatsuna a kan damtsen Inna. Ta tsaya a nan. Ta ce, “Wa ar riƙe da ke haka?”

Inna ta ce, “Malama ta.”

Tsohuwar ta janye hannunta. Can ta ce, “Ni dai ido yaz zaunar da ni. Ke mi az zaunar da ke?”

Na buɗe baki. Bayanin yana kan harshena, tsaf, yadda nake yin sa a gaban allo. Inna ta riga ni.

Ta ce, “Jiri.”

Tsohuwar ta matsa gefe ta ba ta wuri a tabarma. Inna ta dafa bango, ta zauna a hankali, ta ce in miƙo mata matsefi.